Waɗanda aka taɓa sace wa WhatsApp da lambobi shida, ku zo mu ji

Mai buɗe zance, Zariya: Salamu alaikum 'yan uwa. Abin nan ya yi yawa a rukunoninmu na 'yan makaranta da na unguwa. A kira mutum a ce za a yi taron ƙungiya ta waya, a ce masa an turo wasu lambobi shida, ya karanto don a sa sunansa. Yana karantowa shi ke nan. Duk wanda ya gani da idonsa ya ba mu labari, mutanenmu su farga.

Malamar Islamiyya, Tudun Wada, Kaduna: Wa alaikumus salam. Hajiyarmu aka yi wa. Mai kiran ya gaishe ta da ladabi, ya ambaci sunan rukuninsu na mata, har ya faɗi sunan amirarsu, ya ce walimar sauka za a tattauna. Tana kan tabarma tana gyaran wake, ta miƙa wa jikarta wayar ta ce ta karanto masa. Kafin la'asar 'yan uwa sun fara kira: "Hajiya, lafiya kike neman dubu hamsin?" Saƙon da ya tura musu ma da salonta ya rubuta, da "Allah ya yi albarka" a ƙarshe. Abin da ya fi damunta shi ne hotunan 'ya'yanta mata da ke cikin hirarraki. Kwana ta yi ba ta runtsa ba.

Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano: Malama, ki kwantar wa Hajiya da hankali. Tsofaffin hirarraki da hotuna a kan wayarta suke zaune, ba sa bin lambar zuwa wayar ɓarawo. Abin da yake samu shi ne rukunonin da take ciki, da lambobin mutanen cikinsu, da duk sabon saƙon da ya shigo. Daga nan yake tsinto sunan amira da na wanda zai kira gaba, shi ya sa za ku ga abin yana bin rukuni ɗaya gida-gida.

Lambobin nan shida su ne WhatsApp ke turowa idan za a buɗe lambarka a sabuwar waya. Ɓarawon ne ya sa lambarka a tasa wayar, saƙon ya zo maka, sai ya kira ka ka ba shi da bakinka. Maganin farko: ka sake rajistar lambarka a wayarka nan take, sabbin lambobi su zo, kana sa su an fitar da shi. Inda ake shan wuya shi ne idan ya riga ka sa lambar sirri ta mataki na biyu, wato ƙarin makullin da WhatsApp ke tambaya bayan lambobin nan shida, sai ka jira kwana bakwai. Wannan makullin tun 2017 yake nan, kyauta ne, yana cikin saiti a ɓangaren asusu. Wallahi mafi yawan masu zuwa shagona da kuka ba su taɓa kunna shi ba. Ku kunna, ku haɗa da imel, ku kunna wa iyayenku.

Ɗan kasuwa, Sakkwato: Ni ta ɗaya ɓangaren abin ya same ni. Saƙo ya zo daga lambar aminina, wai asusunsa ya ƙi aiki, in tura wa wani kuɗin magani zai mayar da yamma. Sunan da ya fito a asusun baƙo ne, sai na kira shi kai tsaye, ba ta WhatsApp ba. Yana ɗauka ya ce, "Alhaji kar ka tura, tun safe nake fama." Ƙaninsa kuwa ya riga ya tura. Sun je banki sun kai ƙara wajen 'yan sanda, har yau shiru.

Ɗaliba, Maraɗi: Mu ma nan haka ne, har da Faransanci suke kira. Na shugaban rukuninmu suka kama, suka cire sauran masu kula da rukunin suka mallake shi, dole muka buɗe sabo. Tun daga nan na rufe hotona, sai wanda na ajiye lambarsa ke gani, kuma ba kowa ke iya jefa ni cikin rukuni ba.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi: Yaya mai gyaran waya, a ƙara da layin kansa. Layin da ke haɗe da BVN (lambar tantancewa ta banki) da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), idan waya ta ɓata, ɓarawo cire shi yake ya sa a ƙaramar waya, saƙonnin banki da na WhatsApp duk su riƙa zuwa masa. An ƙwace wa abokiyar aikina waya a cikin Keke Napep, kafin ta isa ofishin kamfanin layi an taɓa mata albashi.

Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano: Gaskiya ne Anti. A sa wa layin lambar sirri tasa daban, ta yadda duk wayar da aka sa shi sai ta tambaya. Amma a yi hattara, kuskure uku layin zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka sayo shi da shi. Wanda ya yar da katinsa ya fara zuwa ofishin kamfanin layinsa kafin ya taɓa komai.