Kyan hoto ne ke riƙe 'yan wasa a gem ɗin intanet, ko santsin gudu?

Mai_Zane3D:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu ƙera gem ce. A gem ɗin harbi na mutum biyar-biyar da ake ginawa da manhajar ƙera gem ta Unreal Engine 5, ana son kunna Lumen (fasahar lissafa haske yayin da ake wasa) da Nanite (fasahar zana siffofi dalla-dalla) don hoto ya fito ras. Shin wannan yana sa 'yan wasa su riƙa dawowa bayan mako ɗaya ko wata ɗaya, ko dai bidiyon talla kawai yake ƙawatawa? In za a auna, me za a duba?

Injiniya_Firem:
Wa'alaikumus salam Malam. Kyan hoto yana sa mutum ya sauke gem, amma abin da ke dawo da shi gobe shi ne ya ji hannunsa da allo suna tafiya tare. Fara da lissafin lokaci. In kana son firem 60 a sakan, wato hotuna 60 da allo ke nunawa a jere, kowane firem yana da milisakan 16.7 (milisakan dubu ne sakan ɗaya); in 144 ne, milisakan 6.9 kacal. Haske, inuwa, hayaƙi, komai dole ya shige cikin wannan ɗan lokaci. Epic, masu Unreal Engine, da kansu sun tsara Lumen ya ci kusan milisakan 4 a 1080p ga gem mai firem 60 a na'urorin konsol. Ka ga ke nan a 144 ya cinye fiye da rabin kasonka shi kaɗai.

Kada kuma matsakaicin firem ya yaudare ka. Gem yana iya nuna 90 alhali yana gargada. Ka duba kashi ɗaya cikin ɗari mafi nauyi na firem ɗin, nan cutar take. Babban dalilinta a DirectX 12, manhajar Windows da gem ke magana da katin hoto ta cikinta, shi ne ƙananan shirye-shiryen da katin hoto ke fitar da haske da launi da su: in ba a harhaɗa su tun farko ba, sai lokacin da aka fara buƙatarsu. An jefa gurneti karon farko, hoto ya daskare na ɗan ƙiftawar ido, kafin ya saki an riga an kashe ka. Wanda wannan ya faru da shi a wasansa na farko ba zai rubuto ƙorafi ba, goge gem ɗin zai yi. Maganin shi ne a harhaɗa su a allon buɗewa, ko da mutum zai jira minti biyu, a kuma maimaita bayan kowane sabunta direba, wato manhajar katin hoto.

Batun awo: a kowane wasa ku adana nau'in katin hoto, yawan RAM da tsawon firem. Ku raba 'yan wasa gida uku bisa ƙarfin na'ura, sannan ku kwatanta waɗanda suka dawo a rana ta 1, ta 7 da ta 30. In masu ƙaramar na'ura ne suka fi zubewa, ba dokar wasan ce matsalar ba.

Sarauniyar_Sabar:
Ƙari a kan maganar Injiniya. A gem ɗin taro, mai tsohuwar kwamfuta ba shi kaɗai yake tafiya ba. In irinsu suka ragu, layin neman abokan karawa ya yi tsawo, tsarin haɗawa ya fara gwama ƙwararre da sabon shiga, sai masu tsadaddun na'urorin ma su gaji. Shi ya sa Fortnite ya kawo Performance Mode, saitin da ke rage kyan hoto don ƙananan kwamfutoci, a Disambar 2020, kuma da ya ƙara Lumen da Nanite a Disambar 2022 bai cire wannan saitin ba. Kamfanin Riot ma da gangan suka sa Valorant ya yi wa na'ura sauƙi a 2020, suka zuba ƙarfinsu a sabar (kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa) mai sabunta wasa sau 128 a sakan. Old School RuneScape kuwa a 2013 ya fito da kamannin 2007, har yau ana buga shi.

Tarko ɗaya: kada ƙaramin saiti ya ba da fifiko. In rage saiti yana ɗauke ciyawa ko inuwa daga nesa, mai kwance a ciyawa yana zaton ya ɓuya, shi kuwa abokin gaba yana ganinsa fili. Nisan da ake zana duk abin da ke ɓoye mutum ya zama ɗaya a kowane saiti.

Dattijon_Gem:
Ni ban yarda a mayar da kyan hoto abin banza ba, Malama. Dubi hayaƙin Counter-Strike 2 na 2023: yana cika ɗaki daidai da siffarsa, harsashi yana huda shi, gurneti yana yaye shi na ɗan lokaci. Wannan fasahar hoto ce da ta canza dabarar wasa, irinta ta cancanci milisakan ɗinta. Amma an biya farashi, don masu Mac sun rasa gem ɗin. Sannan gem na kyauta da sayar da kayan ado yake rayuwa, in riga da bindiga ba su yi kyau ba wa zai saya?

Mai_Zane3D:
Na gode ƙwarai. To DLSS, fasahar Nvidia mai ƙirƙirar ƙarin firem, ba zai cike giɓin gudu ba?

Injiniya_Firem:
A'a. Firem ɗin da yake sakawa a tsakani ba ya ɗauke da sabon motsin hannunka, har ɗan jinkiri yake ƙarawa, shi ya sa Nvidia ke haɗa shi da Reflex, fasaharsu ta rage jinkiri. Kuma wanda ya zo da DLSS 3 a 2022 daga katin RTX 40 ya fara, masu ƙaramar na'ura ba su da shi. Ɓangaren ɗaga girman hoto na DLSS ko FSR (takwaransa na kamfanin AMD) shi ne mai amfani a nan. Ku lissafa hasken filin karawa ku adana shi tun kafin wasa, Lumen ya zama zaɓi, a kashe yake sai mutum ya kunna. In akwai nau'in waya, ku gwada na minti 30 a jere, don sai waya ta ɗau zafi take rage gudu.