Me ɗan kallo zai iya ganewa daga atisayen ƙungiya kafin a shiga kakar wasa?

Ɗan Yalwa, Bauchi

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Tambayata tana zuwa ga waɗanda suka san harkar horar da 'yan wasa, ko waɗanda suka daɗe suna tsayawa a bakin fili. Ƙanena yana karatu a wata jami'a a Amurka, kuma a cikin watan Agusta ya turo mini bidiyon atisayen ƙungiyar makarantarsu, wadda take buga ƙwallon nan tasu mai kama da zari-ruga. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawan jama'ar da suka zauna suna kallon atisaye kawai, sannan da dare kowa ya hau intanet yana rubuta abin da idonsa ya gane masa: wane ya ƙara jiki, wane yana ɗingishi, sabon yaron da aka ɗauko zai ƙwace gurbin wane.

Mu ma a nan muna da irin namu, ko da yake bai kai nasu ba. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta wata babbar makaranta da ke kusa da unguwarmu ta fara shirin gasa, kuma bayan la'asar mukan je mu tsaya a gefe. Akwai wani ɗan wasan gaba da yake ta zura ƙwallaye duk ranar da aka raba su gida biyu, har wasu a majalisarmu suka fara cewa kofin bana namu ne, tunda Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wani dattijo a cikinmu kuwa ya ce atisaye ba ya nuna komai. Ina gaskiyar take, kuma me ya kamata mutum ya zuba wa ido idan ya je?

Tsohon Ɗalibi, Gombe

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Yalwa. Na yi karatu a can, don haka bari in fara da ɓangaren ƙaninka. Ƙwallon jami'o'i a Amurka tsohuwar harka ce, domin tun 1869 jami'o'in Rutgers da Princeton suka buga wasan da ake ɗauka a matsayin na farko, kuma a yau filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. A 2016 sama da mutum 100,000 ne suka shiga filin Jami'ar Jihar Ohio domin kallon ƙungiyarsu ta rabu biyu ta kara da kanta. Dalilin wannan ƙishirwa shi ne gajartar kakar wasan. Manyan makarantu, wato masu buga gasar rukunin farko, wasa 12 suke bugawa daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, kafin wasannin ƙarshe, saboda haka mai goyon baya yakan shafe watanni bai ga ƙungiyarsa ba, kuma duk ɗan labarin da ya fito daga atisaye yana da daraja a wurinsa.

Hukumar NCAA, wadda take kula da wasannin jami'o'i, ta ƙayyade wa manyan makarantu atisaye 25 a cikin kimanin wata guda da ya gabaci wasan farko. A kwana biyun farko hular kwano kawai ake sawa, daga nan a ƙara sulken kafaɗa, sai daga baya a sa cikakkun kaya a fara karo na gaske. Wanda ya je a kwanakin farko ya dawo yana yabon wani ɗan wasa, to ya yabi mutumin da ba a ko taɓa shi ba tukuna.

Babbar matsalar rahoton ɗan kallo ita ce ɓangarorin biyu duk naka ne. Idan masu kai hari suka yi ta ci, ba ka da hanyar sanin ko su ne suka ƙware ko kuwa masu tsaronka ne suka yi rauni, kuma wannan ya shafi ɗan wasan gaban da kuke yabo a Bauchi kamar yadda ya shafi na can. Ƙari a kan haka, mai jefa ƙwallo, wanda shi ne jagoran hari, yakan sa riga mai launi daban domin kada kowa ya kayar da shi, alhali a ranar wasa ƙarti ne masu nauyin fiye da kilo 120 za su yo kansa. Sannan mai horarwa shi ne yake zaɓar ranar da za a buɗe wa jama'a ƙofa, kuma dabarun da ya tanadar wa abokan hamayya ba ya fito da su a ranar.

Duk da haka ban yarda da dattijonku ɗari bisa ɗari ba, domin akwai abubuwan da ba sa ɓuya. Ana ganin wanda aka jera tare da sahun farko da wanda aka mayar sahu na biyu, ana ganin wanda yake gefe tare da masu kula da lafiya, kuma jiki da gudu ba a ƙirƙirarsu. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya je Jami'ar Azusa Pacific ne a matsayin mai jifan faifai, bai san wannan wasa ba sai da ya haura shekara 20, amma girmansa da saurinsa sun isa a gane abin da zai zama, kuma a 1989 shi ne ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar ƙwararru ta NFL. Ido yana iya ganin irin wannan baiwa a atisaye. Abin da ba ya iya gani shi ne sakamakon kakar wasa.

Tsohon Gola, Bauchi

Malam Tsohon Ɗalibi ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin ƙwallonmu ta fi tasu bayyana ga mai kallo, domin tasu tana tsayawa bayan kowane yunƙuri a sake shiri, tamu kuwa tana gudana, kuma abin da yaro yake yi idan ƙwallo ba ta ƙafarsa ba shi da wurin ɓoye shi. Na tsare raga a ƙuruciyata, daga baya kuma na taimaka wajen horar da yara, don haka ɗana Ɗan Yalwa, ga shawarata: ka ɗauke idonka daga raga.

Ka dubi ɗan wasan nan naku a daidai lokacin da aka ƙwace ƙwallo daga ƙafarsa. Wani yakan juya nan take ya bi wanda ya ƙwace, wani kuwa yakan tsaya ya riƙe ƙugu, ya ɗaga hannu yana neman a busa masa usur, ko ya sunkuya yana gyara safa. Wannan hali ba ya canzawa a ranar gasa, sai ma ya ƙaru. Ka saurari 'yan baya: akwai wanda yake magana, yana cewa wane ka matso, wane ka riƙe mutuminka, ko kuwa shiru kake ji sai an ci su sannan a fara zargin juna? Ƙungiyar da bayanta ba ya magana a atisaye, inda babu ihun jama'a, ba za ta fara magana a gaban dubban mutane ba. Ka kuma lura ko ana ware lokaci domin bugun kusurwa da bugun tazara, domin a gasar da ake fitar da wanda aka doke, sau da yawa a nan ake rabuwa.

Abu mafi muhimmanci shi ne ka daure ka kai ƙarshe. Yawancin 'yan kallo suna watsewa da an kusa kiran magariba, alhali a minti 20 na ƙarshe ake ganin gaskiyar ƙungiya, don ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Yaron da ƙwallo take kwanciya a ƙafarsa a farkon atisaye, idan ya gaji sai ka ga tana tsalle ta bar shi da taku uku. Wanda har a lokacin yake iya tsayar da ita da taɓawa ɗaya ya ɗaga kai ya ba da ita inda ya dace, shi ne ɗan wasa.

Kada kuma a manta cewa waɗannan ɗalibai ne. Gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966 aka fara ta a Ibadan, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kuma a 2018 aka ƙaddamar da gasar HiFL ta ƙwallon ƙafa, amma har yanzu yaron da kake gani a fili daga aji ya fito, wataƙila tun karin safe bai sa komai a cikinsa ba, kuma jarrabawa tana jiransa. Idan ka ga yau mutum 25 sun zo, gobe 14, to ka san mai horarwa bai samu damar gina komai ba, komai ƙwarewar ɗaiɗaikunsu. Akwai kuma batun fili. Filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi wasannin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999 da na 'yan ƙasa da 17 a 2009, amma yawancin yaranmu a kan tsandauri suke koyo, inda ƙwallo take tsalle yadda ta ga dama. Ranar da suka hau shimfiɗaɗɗen fili mai laima, ƙwallo takan yi musu sauri fiye da yadda suka saba, kuma ƙungiyar da ba ta nemi wasan sada zumunta a irin wannan fili ba kafin gasa takan sha wahala a wasanta na farko.

Ma'aikaciyar Jinya, Gombe

Baba Tsohon Gola, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in ƙara abin da ya shafi aikina, domin a ganina shi ne abin da ɗan kallo ya fi iya gani da idonsa, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Dokokin da Malam Tsohon Ɗalibi ya ambata ba haka kawai aka kafa su ba, rayuka aka rasa. Korey Stringer, ɗan wasan ƙwararru na Minnesota Vikings, ya rasu a watan Agustan 2001 sakamakon zafin da ya yi wa jikinsa yawa a sansanin atisaye. NCAA ta shigo da kwanakin sabawa da zafi a 2003, ta kuma hana manyan makarantu yin atisayen karo sau biyu a rana ɗaya a 2017. Duk da haka a 2018 Jordan McNair, ɗalibin Jami'ar Maryland mai shekara 19, ya faɗi a wurin motsa jiki a ƙarshen watan Mayu ya rasu bayan mako biyu, bincike ya nuna ba a tsoma shi a ruwan sanyi ba, kuma shugaban jami'ar ya fito ya amsa cewa alhakin yana wuyansu. Mu ma ba mu manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas a ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasa da Angola.

Saboda haka, Yaya Ɗan Yalwa, idan ka je ka duba ko akwai ruwan sha a bakin fili, ko ana tsayawa a sha, ko akwai inuwa, ko akwai wani mai ilimin agajin gaggawa da abin hawan da zai kai mutum asibiti. Zafin Maris da Afrilu a Bauchi da Gombe kowa ya san shi, amma damina ma tana da nata haɗarin, domin idan iska ta cika da laima gumi ba ya bushewa, jiki kuwa ta bushewar gumi yake huce zafi. Idan yaro ya fara tangaɗi, ko ya rikice yana maganar da ba ta da kan gado, ko ya fusata ba dalili, kada a ce ragwanci ne a ƙara masa zagaye. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, abin da ake buƙata shi ne a sanyaya shi nan take, a cire masa kaya, a tsoma shi a baho mai ruwa da ƙanƙara ko a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, sannan a garzaya da shi asibiti, domin rabin sa'ar farko ita ce mafi muhimmanci.

Akwai abu biyu da suka fi shafarmu. Na farko zazzaɓin cizon sauro, wanda yake yawaita a daidai wannan lokaci. Yaron da ya tashi daga zazzaɓi jiya bai kamata a sa shi gudun gwaji yau ba. Na biyu rukunin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da AS, kuma tun 2010 NCAA ta shigo da gwajin sikila ga 'yan wasan manyan makarantu, saboda an ga masu AS suna faɗuwa idan aka matsa musu da gudu mai tsanani babu hutu, musamman a kwanakin farko. Mai AS yana iya buga ƙwallo har ya yi fice, amma dole mai horarwa ya san da shi, ya bar shi ya hau a hankali, ya kuma ƙyale shi ya tsaya idan ya ce ƙafafunsa sun mutu.

Ɗan Yalwa, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maganar ruwa da inuwa zan kai ta ga mai horarwar cikin ladabi, domin mutum ne mai sauraro. Baba Tsohon Gola, saura abu ɗaya: wasu matasanmu suna ɗaukar bidiyo suna sakawa a Facebook da WhatsApp, kamar yadda na ga ana yi a can. Akwai laifi a ciki?

Tsohon Gola, Bauchi

Ɗana, a fara neman izinin mai horarwa, domin filin nasa ne a wannan lokaci. Idan ya yarda, a ɗauki gudu da wasan raba gida, amma a kashe waya idan aka zo bugun kusurwa da bugun tazara, saboda abokan karawarku ma suna da waya. Kada a saka hoton yaron da ya ji rauni ko a ambaci sunansa, domin iyayensa suna wani gari kuma bai kamata su fara jin labari daga bakin baƙo ba. Kuma idan kana son ka ga abin da na faɗa maka game da 'yan baya, ka bar tsakiyar fili inda jama'a suke taruwa, ka koma bayan raga ka ɗan ja gefe. Daga nan za ka ga tazarar da ke tsakanin 'yan bayan huɗu, ka ga wanda yake makara wajen fitowa, ka kuma ji abin da mai tsaron gida yake faɗa musu.