Neman shawara: wane wando zan sa a ƙarƙashin sharwani ranar ɗaurin aurena a Haidarabad?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya fara ƙure mini. Shekarata biyar a Haidarabad ta Indiya, karatu ya kawo ni, ga shi Allah ya haɗa ni da 'yar garin, musulma, iyayenta sun ba ni. An sa rana cikin Disamba. Surukaina sun ce a gidansu dangin amarya ne ke yi wa ango kayan ɗaurin aure, har an kai ni wajen tela a kusa da Carminar, tsohon ginin nan mai hasumiya huɗu, an auna ni, an yanka sharwani ruwan madara, doguwar rigar nan mai maɓallai tun daga wuya, ta ɗan wuce gwiwa. Da aka zo kan wando sai yayan amarya ya ce in zaɓa da kaina. Telan ya lissafo curidar, da fajamar Aligar, da shalwar, da wandon Jodfur, wani abokina kuma ya ce doti ake yayi yanzu. Ni dogo ne, ina da kaurin sharaɓa saboda ƙwallo. A masallaci za a ɗaura bayan la'asar, a ƙasa za mu zauna, da dare a wuce zauren biki. Mahaifina da kawuna za su zo daga Kano. Ba na son su ga abin da zai sosa musu rai, ba na kuma son dangin amarya su ga na yi wa rigarsu riƙon sakainar kashi. Wanne zan ɗauka?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Kai masha Allah, Allah ya sanya alheri, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Ƙanena ka ɗauki curidar, shi ne abokin sharwani. Duk hotunan angwayensu da nake gani shi ne a ƙafarsu.

Tsohon Ɗalibin Aligar:
Allah ya sa albarka, ango. Na yi shekara huɗu a jami'ar Aligar da ke Indiya, na sa dukkansu ban da doti, bari in faɗi abin da na sani.

Fara da cire doti daga lissafi. Doti yadi ne wanda ba a ɗinka ba, tsawonsa ya haura mita 4, ana naɗa shi a ƙugu, wasu su ratsa shi tsakanin ƙafafu su soke ta baya. Ango Bahindu ke ɗaura shi wajen ibadar aurensu, a jihar Tamil Nadu suna kiran nasu beshti, a jihar Kerala mundu, kuma a Kerala musulmi ma suna ɗaurawa. Amma gidan musulmin Haidarabad ba a san ango da shi ba. Wanda abokinka ke nufi ɗinkakke ne na 'yan kwalliya, mai tattara a cinya, kuma da gajeriyar riga yake tafiya. Ƙarƙashin rigar da ta wuce gwiwa tattarar za ta cunkushe ne kawai.

Wandon Jodfur ma haka. Na hawan doki ne, buɗaɗɗe a cinya, matsattse daga gwiwa zuwa ƙasa, 'yan wasan folo na yankin Rajastan suka fito da shi har Turawan Ingila suka ɗauka. Kusan ɗan uwan wandonmu ne mai kamun ƙafa da mahaya ke sawa ranar hawan sallah. Kyansa a cinya yake, rigarka kuwa za ta rufe cinyar. Ka biya kuɗin abin da ba mai gani.

Saura biyu ke nan na gaske, curidar da fajamar Aligar. Curidar sunansa daga curi ne, wato awarwaro. Ana yanka ƙafarsa ta fi ƙafar mutum tsawo, ragowar sai ta taru a idon sawu zobe-zobe kamar an jera awarwaro. Daga gwiwa zuwa ƙasa manne yake da jiki. Shi Nehru, firaministan Indiya na farko, yake sawa a hotunansa, kuma gaskiyar Maman Ilham ne, a hoto babu kamarsa. Fajamar Aligar kuwa miƙaƙƙiya ce, siririyar ƙafa amma ba ta kama ƙwauri, ba tattara, tana tsayawa daidai idon sawu. Ita muke sawa fara sol ƙarƙashin baƙar sharwani a ranakun taro a jami'armu, wadda ta samo asali daga makarantar da Sir Sayyid Ahmad Khan ya kafa a 1875, ta zama jami'a a 1920. Duk dattijon musulmi a Haidarabad ya san wannan shigar, kuma kallon mutunci yake mata.

Ni abin da nake dubawa shi ne abin da za ka yi da ƙafarka ran nan. Za ka yi alwala, ka yi la'asar, ka tanƙwashe ƙafa a gaban alƙali da shaidu, ka miƙe a rungume ka sau ba adadi, magariba ta riske ka da kayan a jikinka. Mai kaurin sharaɓa cikin curidar zai sha wuya kafin ya janye bakin wandon ya wanke ƙafa har idon sawu. Saboda haka fajamar Aligar nake ba ka shawara a masallaci.

Abban Sadik:
Ni ma ta ɓangaren mahaifinka zan yi magana. Dattijon Kano idan ya ga wando ya manne wa ɗansa a ƙwauri, ga tattara ta kwanta kan idon sawu, ko bai furta ba za ka gani a fuskarsa. Ga kuma maganar wando ya wuce idon sawu, wadda ka san matsayinta a wajen malamanmu. Ranar ɗaurin aure ba ranar jawo wannan ba ce. Shalwar fa? Ai ya fi kama da namu.

Tsohon Ɗalibin Aligar:
Yaya Abban Sadik, shalwar yana da sutura ƙwarai, amma yadinsa da yawa. Sharwani riga ce da ake yanka ta daidai jiki, mai shafi a ciki, in aka cusa mata shalwar sai ta buɗe daga ƙugu kamar lema. 'Yan Pakistan suna haɗa su, amma tun wajen yanka ake bar wa rigar wuri. Tasa an riga an yanka.

Usta Mai Keke:
Salamu alaikum. Ni tela ne, shekarata sama da ashirin a kan keke, kuma ina ɗinka wa mata da maza kayan Indiya a nan gida. Ba zan ce ka bar curidar kwata-kwata ba, don yawancin wahalar da ake sha da shi daga yankan ne. Curidar na ƙwarai a karkace ake yanka yadinsa, ba a bin tsayuwar zare, shi ya sa yake ɗan miƙewa ya bi gwiwa in an durƙusa. Na kanti da yawa a miƙe ake yanka su don a tsimi yadi, su ne masu yagewa. In za ka ɗinka, ka sa a auna ka wuri huɗu: cinya, gwiwa a lanƙwashe, inda sharaɓa ta fi kauri, sai kewayen dunduniya da saman ƙafa tare, don ta nan bakin wandon zai wuce. In aka manta wannan na ƙarshe ƙafarka ba za ta shiga ba. Ka ce a sa maka maɓalli ko ɗan zif a bakin ƙafar, sai alwala ta zo da sauƙi, kuma kana iya janye tattarar ta zauna saman idon sawu. Hantsa a sake ta sosai. A ƙugu a yi ƙubaka a zura zariya, kar ka yarda da roba kaɗai, kuma ka ɗaure bakin zariyar biyu kar ta shige ciki.

Ko wanne ka ɗauka, yadin ya zama auduga mai kauri ko haɗin auduga da alharini. Zallan alharini yana santsi kuma yana nuna gumi. Farin yadi mara nauyi kuma fitilar masu hoto tana ratsa shi. In auduga ce a jiƙa ta ta bushe kafin a yanka.

Baban Hanif:
Ka ji maganar Usta da kyau. A bikin abokina a Dilli, babban birnin Indiya, na sayi curidar na kanti ana gobe biki, ban gwada zama da shi ba. Muna zaunawa cin abinci ya tsage ta hantsa. Rigar ce ta rufa mini asiri, amma ban ƙara sakewa ba har aka tashi, ko hoto ban shiga ba, kuma abin yana damuna har yau don abokin na kusa ne. Ranar gwaji ka sa wandon da rigar tare, ka yi ruku'u, ka yi sujada, ka yi zaman tahiya a shagon telan. Ka je da takalmin da za ka sa, wannan mai lanƙwasasshen baki da suke kira juti, don a kansa ake tsayar da tsawon wando.

Maman Ilham:
To na ji hujjarku, ban yi tunanin alwala ba. Amma ƙanena ka tambayi amarya da mahaifiyarta. Yayanta ya ce ka zaɓa, ƙila kara ce ya yi maka, alhali akwai abin da suka fi so. Kuma launin wandon kar ya yi faɗa da rigar. Ruwan madara da fari tas in suka haɗu sai rigar ta zama kamar ta tsufa. Ka karɓi ƙyallen rigar a wajen telan a nemo daidai da shi.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Ilham na bi shawararki, na sa ta tambayi mahaifiyarta. Ashe kakanta na wajen uba fajama miƙaƙƙiya yake sawa da sharwani duk rayuwarsa, mahaifinta ma da ita aka ɗaura masa aure, sun yi shiru ne don suna zaton ni saurayi curidar zan so. Yau na koma wajen telan, mun tsaya kan fajamar Aligar ta auduga mai kauri, launin rigar, ta tsaya saman idon sawu kaɗan. Walima kuma tawa ce, babbar riga da hula zan sa, kawu zai taho da su. Usta, tambaya ɗaya ta rage: telan ya ce faɗin bakin ƙafa inci 14, ya isa ga mai ƙafa irin tawa?

Usta Mai Keke:
In kewaye yake nufi, ga dogo mai kaurin sharaɓa ya yi kaɗan. Ka ce ya kai shi 15 ko 16, kuma a sharaɓa ya bar inci 2 kan awonka. Ya fara harhaɗa shi da dogon ɗinki ka gwada zaman tahiya kafin ya danne.