Neman kalma: sufakondakta da tonel, kafin gobe da la'asar

Mai Shirin Kimiyya: Salamu alaikum jama'a. Jiya Talata aka sanar da Nobel ta fiziks ta 2025, an ba John Clarke da Michel Devoret da John Martinis kan gwajin da suka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1984 da 1985. Gobe da la'asar za mu naɗi shiri a kai, minti 12 aka ba ni. Abu huɗu suka tsaya min a maƙogwaro: sufakondakta, tonel, jankshan ɗin Josephson, da sunan da za a kira su idan an jera su da yawa a kan allo ɗaya. Masu saurarena akwai direbobi da matan gida, don Allah a taimaka.

Uwar Biyu: Jankshan ai mahaɗa ne, an gama. Wuce na gaba.

Malamin Fiziks: Mahaɗa ta yi, sai dai a gane ba mahaɗar titi ba ce. Falle biyu ne na sufakondakta, kamar alminiyam, a tsakaninsu an bar wata 'yar tsatsa da wuta ba ta bi ta cikinta, kaurinta nanomita 1 ko 2. Silin gashin kanki, Hajiya, ya fi ta kauri fiye da sau dubu 20. A 1962 Brian Josephson, yana ɗalibi ɗan shekara 22 a Kambirij, ya yi lissafi ya ce wuta za ta wuce wannan shingen ba tare da an tura ta da ƙarfin batir ba. Sufakondakta kuwa ni "mara tirjiya" nake gaya wa ɗalibaina. Kowace waya tana yi wa wuta tirjiya, shi ya sa cajar waya take ɗumi. Wannan tirjiyarsa sifili ce.

Tsohon Hedimasta: Kalma biyu ba suna ba ne, bayani ne. Ni tun shekaru na ƙirƙiro masa suna: SULƁAU. Daga sulɓi, a kan awon mantau da makarau. Wuta ta sulɓe ta wuce. A gwada faɗa a baki a ji daɗinsa.

Uwar Biyu: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, Sulɓau kamar sunan ɗan sane a tashar mota.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, haka aka yi wa kowace sabuwar kalma dariya ranar farko.

Malamin Fiziks: Ranka ya daɗe, matsalata da sulɓi ita ce, abu mai sulɓi yana gogar ƙasa ko yaya ne, a ƙarshe ya tsaya. Nan kuwa in ka saki wuta a zoben sufakondakta da aka sanyaya, ka cire batir, shekaru za ta yi tana zagayawa. Kamerlingh Onnes ne ya fara ganin abin a Laidin ta ƙasar Holan a 1911, da ya sanyaya zaiba zuwa wajen digiri 269 ƙasa da sifili. Kuma ilektiron, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar, ba ɗai-ɗai suke tafiya ba, biyu-biyu suke ƙulluwa, duk su bi taki ɗaya. Sulɓau bai ɗauko ko ɗaya daga ciki ba.

Ɗan Damagaram: Mu nan da Faransanci muka koya, kuma su ma tonel ɗin suke cewa, wato rami. Kada ku bi su. In kun ce rami, mai sauraro zai ɗauka gafiya ta yi haƙa. Babu rami babu kafa, kuma ƙarfin ilektiron bai kai ya tsallake shingen ba, sai dai a gan shi a wancan gefe. Kakata da ta ji wannan cewa za ta yi layar zana.

Mai Shirin Kimiyya: Wallahi layar zana ta burge ni. Kowa zai gane nan take.

Almajirin Azhar: Subhanallah. A ɗauki ilimi a sa masa sunan tsibbu? Gobe yaro ya ce Turawa ma sun tabbatar da laya. Larabci yana da kalmomin nan a shirye, nafaƙi da muwassili fa'iƙi. Da Larabci muka yi karatu shekaru ɗaruruwa kafin boko.

Tsohon Hedimasta: Aro aro ne, ko daga gabas ko daga yamma. Harshen da ba ya haihuwa sai riƙon 'ya'yan wasu ya kusa mutuwa.

Uwar Biyu: To Baba, lantarki fa? Da waya? Da hedimastan da ke jikin sunanka?

Tsohon Hedimasta: Laifin na farko ne da suka yi sakaci. Ba dalili ba ne mu ƙara.

Ɗan Damagaram: Abin da ke ba ni haushi, duk kalmar da aka yanke a Kano sai a ce ita ce Hausa, mu kuma a ce tamu kari ne. Mu ma muna kama gidajen rediyonku.

Bajosa: Ku bar faɗan nan ku ji. Ƙarfen niyobiyam da ake yin da yawa daga cikin mahaɗun nan da shi, ana samun sa a cikin ma'adinin kwalambait, wanda iyayenmu suka wanke tare da kuza a Filato. Shi a digiri 264 ƙasa da sifili yake daina tirjiya. Ka sa wannan a shirin, ya fi duk gardamar nan.

Mai Shirin Kimiyya: Na rubuta. Amma jama'a dare na yi, tonel da jerin nan har yanzu.

Malamin Fiziks: Tonel: kurɗawa na buƙatar kafa, tsallakewa kuskure ne kai tsaye. "Ratsa shinge" ta fi kusa. Abin da mutum ukun nan suka nuna shi ne ba ƙwaya ɗaya kaɗai ke ratsawa ba, da'irar lantarki guda da za ka riƙe a hannu, mai biliyoyin ilektiron, tana yin haka kamar abu ɗaya. Jeri kuma iri biyu ne. Akwai na layi ɗaya kamar carbi, irin wanda ake haɗa mahaɗa wajen dubu 20 a haska musu maikurowef su ba da bolt 10 cif, da shi hukumomin awo suke daidaita ma'aunin wuta. Akwai na shimfiɗe, tsibirai ƙanana a jere tsaye da kwance kamar gurabun dara, kowanne haɗe da maƙwabtansa huɗu. A wannan, da sanyi sosai 'yan guguwar maganaɗisu suna zama ɗaure biyu-biyu, in zafi ya ɗan ƙaru su rabu su bazu, tirjiya ta dawo. Kosterlitz da Thouless na cikin waɗanda suka ci Nobel ta 2016 kan irin wannan sauyin. Na farko jeri, na biyu raga.

Ɗan Damagaram: Raga ta yi. Ratsa shinge ma ba laifi, ko da yake ratsa jeji ma ana yi kuma ba mamaki a ciki.

Almajirin Azhar: In dai an bar laya na yarda.

Mai Shirin Kimiyya: To ga abin da zan shiga da shi: mara tirjiya, ratsa shinge, mahaɗar Josephson, jeri da raga. Zan faɗi sufakondakta sau ɗaya don 'yan makaranta. Layar zana zan ambace ta in ce abin ba haka yake ba.

Almajirin Azhar: In ka ambata ita kaɗai za su riƙe.

Tsohon Hedimasta: Ku yi yadda kuka ga dama. Mara tirjiya ai ko jaki mai ladabi sunansa ke nan. Ka dai ce wani dattijo ya kawo sulɓau, ka bar masu sauraro su zaɓa.

Mai Shirin Kimiyya: Baba, in minti 12 ɗin ya isa.

Tsohon Hedimasta: Zan kunna rediyo.