Neman kalmar Hausa: me za a ce da "truculent"?

'Yar Fassara: Salamu alaikum. Jama'a a agaza mini, gobe da ƙarfe 10 za mu naɗi shiri kan Muhammad Ali, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. A wata hira, Howard Cosell, ɗan jaridar wasanni na tashar ABC ta Amurka, ya ce masa ya cika "truculent", Ali ya ce ko ma mene ne ma'anarta, in dai abin kirki ce, to shi ne. Na rubuta taurin kai na goge, na rubuta fitsara na goge.

Tsohon Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam. Gara da kika goge, 'yata. Mai taurin kai yakan sunkuyar da kai ya yi shiru, ya turje kamar jaki. Wannan kuwa ya ƙi, kuma ya matso yana huci, ido jajir, jira yake ki ce kule ya ce cas. Fitsara kuma daga ƙasa take hawa sama, yaro ga babba. Sa tsageranci.

Uwar Biyu: Tsiwa fa, Baba?

Tsohon Ɗan Jarida: Tsiwa a baki take tsayawa, Hajiya. Mai dambe ake magana.

Ɗalibin Harsuna: Asalinta Latin ne, daga trux, wato mai zafi, mai rashin imani. Da ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 mugunta take nufi, daga baya ta sauko ta koma saurin fushi da neman faɗa. Ni da "tayar da ƙayar baya" zan ce, don hoton ya dace: bushiya ta miƙar da ƙaya, kowa ya matso ya sha suka.

'Yar Fassara: Na yi tunaninta, amma labaran duniya sun riga sun cinye ta. Ina cewa Ali ya tayar da ƙayar baya, mai sauraro zai hango bindiga da daji. Ga shi a 1967 ya ƙi shiga sojan Amurka lokacin yaƙin Biyetnam har aka ƙwace kambinsa, sai a ɗauka wannan nake nufi.

Sarkin Ƙirƙira: Duk kun kewaye. Abu biyu ne a ciki, turjiya da takala. A haɗa: TURJAKALA. Ɗan turjakala, 'yar turjakala, 'yan turjakala. Ku furta sau uku ku ji yadda take zama a baki.

Malam Mai Nahawu: Na furta, sai na ji kamar sunan maganin tari. Hausa ba ta yanke kan wannan ta ɗinka a wutsiyar waccan. Jimla take ɗauka ta dunƙule: ka-ce-na-ce, faɗi-ka-mutu, a-ci-balbal. In dole sai an ƙirƙira, a ce taɓa-ni-ka-gani.

Sarkin Ƙirƙira: Allah gafarta Malam, wato in kai ka ƙirƙira ya halatta, in mu ne bidi'a.

Na Ƙetare: Ku yi hattara kuma, mu da muka yi boko da Faransanci wata ma'ana muka sani. A can truculent kusan yabo ne, mutum mai barkwanci, mai maganar da ke da gishiri. Kada wani ya ɗauko ƙamus ɗin da ba shi ba.

Ɗan Zamani: Ni ban ga abin wahala ba. A ce turkulanci, a wuce wurin.

Malam Mai Nahawu: Inna lillahi! Abin da ke kashe mu ke nan. Baturen nan Bargery ya fitar da ƙamus na Hausa mai shafi sama da 1,000 tun 1934, daga bakin kakanninmu ya ji, amma jikokinsu na bara a ƙofar Bature. Muna da kangara, bijirewa, kunnen ƙashi, tsaurin ido, zafin kai, tayar da jijiyar wuya. Wanne ne bai ishe ku ba?

Ɗan Zamani: Ranka ya daɗe, "ƙamus" da ka rubuta daga ina ta zo? Da kalma, da ma'ana, da fassara? Aron Larabci ado ne, na Turanci ne bara?

Malam Mai Nahawu: Waɗancan sun yi ɗaruruwan shekaru a gida, sun auri 'yan gida. Taka ko takalmi ba ta cire ba.

Sarkin Ƙirƙira: Shi ya sa na ce turjakala, haifaffiyar gida ce.

Uwar Biyu: Baiwar Allah na jira, ku kuna nan kuna yi wa juna abin da ake nema wa suna.

Tsohon Ɗan Jarida: Ku dakata, na sake karanta tambayar, kuma na ga inda duk muka zame, har da ni. Daɗin maganar Ali shi ne bai san kalmar ba. Cosell mutum ne mai son manyan kalmomi, ya jefa masa wadda ba kowa ke ji ba, shi kuma ya cafe ta ya mai da ita kirari. In kika sa wa Cosell "tsageranci" a baki, sai Ali ya ce ko ma mene ne ma'anarta, wa zai yarda? Yaron goye ma ya san tsagera. Abin dariyar ya mutu.

'Yar Fassara: Wallahi Baba ka gano bakin zaren. To ga yadda zan yi: a bakin Cosell zan bar truculent yadda take, bayan amsar Ali sai mai gabatarwa ya ce, wato tsageranci da neman faɗa. Na gode muku duka.

Malam Mai Nahawu: Ba haka na so ba. Amma tunda a bakin Bature za ta zauna, ba a namu ba, na yi shiru. A shirin nan kaɗai.

Sarkin Ƙirƙira: Malama, tunda kalmar da ba wanda ya sani ake nema, ai turjakala ma ba wanda ya san ta.