Piza a gida: gefe ya yi tauri, tsakiya kuma ɗanya, ina gyaran yake?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum. Ina so in haɗa piza tun daga kwaɓi har gashi don abincin dare na mutum shida, manya uku da yara uku. Abu uku ne suka sha min kai. In na zo shimfiɗa kwaɓin sai ya riƙa tsukewa yana komawa kamar roba. In ta fito daga oben, gefe ya yi tauri, tsakiya kuma jagab, ƙasan fari fat. Sannan cukun yana tsatsafo da ruwa. Oben ɗina na gas ne, iyakarsa digiri 250. Don Allah a taimaka min da ma'auni, da yadda zan tsara lokaci.

Anti Kulu:

Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Mu fara da ma'auni, don rabin matsalar kwaɓi daga awon ido take. Ga na mutum shida: fulawa giram 750, ruwa mililita 490, gishiri giram 15, busasshen yis giram 7, man zaitun babban cokali 2. Zai ba ki curi 5, kowanne wajen giram 255, kowane curi kuma piza ɗaya mai faɗin santimita 28 zuwa 30. In ba sikeli, fulawar kofi 6 ce na mililita 240, amma ki riƙa zubawa da cokali kina share saman, kada ki danna. Kofin da aka danna yana cin fulawa fiye da ƙima, daga nan tauri yake farawa. Gishirin ƙaramin cokali biyu da rabi, yis ɗin biyu da kwata.

In kin samu fulawar burodi, wadda furotin ɗinta ya kai kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari, ita ta fi, don tana ba da danƙo. Ta yau da kullum ma tana yi, sai dai ki rage ruwan da kamar babban cokali 2.

Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, wanda in kin tsoma yatsa ba za ki ji zafi ba. In ya doshi digiri 60 yis ya mutu, kwaɓin ba zai tashi ba ko za ki jira shi har gobe. Ki haɗa komai har busasshiyar fulawa ta ɓace, ki rufe, ki bar shi minti 20. Mutane suna tsallake wannan hutun, alhali shi ne yake sa fulawa ta sha ruwanta, murzawa ta yi sauƙi. Sai ki murza minti 8 zuwa 10. Zai riƙa manne miki a hannu da farko, ki daure, kada ki yi ta barbaɗa fulawa. Ki shafa ɗan mai a tafin hannu ya wadatar. Alamar ya murzu: ki gutsuri kaɗan ki ja a hankali, in ya yi siriri har kina hango haske ta cikinsa bai yage ba, ya yi.

Ki rufe shi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi har ya ninka. Ki raba biyar, ki mulmula kowanne ya yi sumul, ki sake rufewa minti 30 zuwa 45. Tsukewar da kike gani, danƙon fulawa ne bai huta ba. Da kin ga yana ja da baya, ki ƙyale shi a rufe minti 10 zuwa 15, ki koma kan wani curin. Kokawa da shi ba ta haifar da komai sai yagewa.

Baban Sadiq:

Bayanin Anti Kulu ya yi, sai dai a ganina babban laifin yana wajen gashi, Hajiya. Ƙasa fari da tsakiya ɗanya na nufin kwaɓin ya hau tire mai sanyi. Oben ɗin itace da ake gasa piza a Nafoli ta Italiya yana haura digiri 430, piza tana gasuwa cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Na gida ba ya kai wa can, don haka dole a tara zafi a cikin abin da pizar za ta zauna a kai.

Ki ɗauki tire mafi kauri da kike da shi, ki kife shi a cikin oben, ki kunna wuta har ƙarshe, ki bar shi minti 30 zuwa 45 kafin piza ta farko ta shiga. Iskar cikin oben tana zafi cikin minti 10 zuwa 15, amma ƙarfen bai gama ɗauka ba tukuna. In akwai dutsen gasa piza ko farantin ƙarfe mai kauri, ya fi tire nesa ba kusa ba, dutse kuma ya fi son minti 45 cur.

Ki shimfiɗa kwaɓin a kan takardar gashi, wato takarda mai jure zafi da ake shimfiɗawa a tire, ki jera kayan, ki zura ta da takardar a kan tiren mai zafi. Bayan minti 3 zuwa 4 ƙasan ya kama jikinsa, sai ki zare takardar, don yawancinta ba a yi ta don wuce digiri 220 zuwa 230 ba, gefenta yana babbakewa. Gashin duka minti 8 zuwa 12 ne. Ki ɗaga gefe ki leƙa: ƙasan ya yi ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon duhu, sama cuku yana tafasa. Oben ɗin gas wutarsa daga ƙasa take, saboda haka in ƙasa ya yi sama bai yi ba, ki mayar da ita hawa na sama minti 1 zuwa 2. In baya ya fi gaba zafi, ki juya ta a tsakiyar gashi.

Taurin gefe kuwa daga doguwar zama a wuta marar ƙarfi yake zuwa. Piza ta yi minti 25 a digiri 180, ruwan jikinta ya ƙafe, ta koma biskit. Ɗaya-ɗaya za ki gasa, kuma bayan fitar kowace ɗaya ki ba tiren minti 4 zuwa 5 ya dawo da zafinsa.

Ummu Khalil:

'Yar uwa, ruwan nan da kike gani daga wuri uku yake fitowa: tumatir, cuku da kayan lambu.

Tumatirin gwangwani na giram 400 ya ishi piza biyar. Ki tsiyaye ruwan, ki murƙushe da hannu, ki sa gishiri rabin ƙaramin cokali, tafarnuwa ƙwaya ɗaya a daka, man zaitun cokali ɗaya da ɗan oregano, wani ganye mai ƙamshi. Ba sai kin dafa ba, zai dahu a oben. In ɗanyen tumatir ne, wannan kam sai an dafa minti 20 zuwa 25 har ya yi kauri, in kin ja cokali a tukunya hanyar ba ta rufewa nan take. Ki bari ya huce. Kowace piza babban cokali 4, ki bar santimita 2 a gefe ba komai, tsakiyar kuma ta fi ko'ina sirantar shafi, don can ruwa yake taruwa.

Cukun piza, wato mozarela, iri biyu ce. Mai tauri da ake gogawa ita ta dace da oben ɗin gida, giram 100 zuwa 120 a kowace piza. Mai laushi da ke zuwa cikin ruwa sai an yanka an baza a kan tsumma mai tsabta kamar minti 30. Albasa da tattasai a yanka siriri. Nama da kaza a dafa su tukuna, minti 10 a oben ba za su dafa ɗanyen nama ba. Kuma kada kaya su wuce iri uku, ki bari ana hango jan tumatir ta tsakaninsu. Yara za su so a tula musu, gara ki ƙara musu a faranti.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri. To shimfiɗawar, in yi da abin murza fulawa ko da hannu? Kuma zan iya kwaɓawa tun jiya?

Anti Kulu:

Da hannu, in kina son gefe mai kumburi. Abin murzawa yana korar iskar da yis ya tara, sai ta fito shafal, kodayake mai son siririya mai ƙaras-ƙaras hakan ya fi masa. Ki barbaɗa fulawa ko garin semolina, ki danna curin da yatsu daga tsakiya zuwa waje, kada ki taɓa bakin. Sai ki ɗora shi a bayan hannuwanki biyu kina juyawa, nauyinsa zai ja shi. In ya huje, ki matse wurin da yatsa biyu. Da kin shafa tumatir kada ta wuce minti 2 ba ta shiga wuta ba, in ta jima kwaɓin zai jiƙe.

Kwaɓin jiya ma ya fi daɗi, ya kuma fi sauƙin ja. Ki rage yis zuwa giram 3, wato ƙaramin cokali ɗaya. Bayan murzawa ki raba, ki sa kowane curi a roba mai murfi da aka shafa wa mai, ki ajiye a firiji awa 24 zuwa 48. Ki fito da su awa biyu kafin gashi, don kwaɓi mai sanyi ba ya miƙewa. In ƙarfe 7 za a ci, ki fito da su ƙarfe 4, ki kunna oben ƙarfe 5 da kwata, piza ta farko ta shiga ƙarfe 6. Waɗanda suka riga fita ki ɗora su a kan raga, kada tururi ya jiƙa ƙasan, sai ki mayar da su oben minti 2 kafin a zauna.