Abin da 'yan majalisar hira suka ce kan kallon The Big Lebowski

Wasu matasa masu koyon wasan kwaikwayo a Unguwar Rimi sun kwashe yammacin Asabar suna tafka muhawara kan wannan fim da Joel da Ethan Coen suka fitar a 1998.

Shawarar da kowa ya yarda da ita: kada ka wahalar da kanka wajen bin zaren labarin. 'Yan daba ne suka ɗauki wani malalaci a matsayin attajiri mai irin sunansa, suka yi masa fitsari a kafet, neman diyya kuma ya jefa shi cikin rikicin garkuwa da matar attajirin. Daɗin yana wajen mutanen. Wani dattijo da ya daɗe a wasan dandamali ya ce a zuba wa Jeff Bridges, wanda ya fito a matsayin malalacin, ido lokacin da John Goodman, wanda ya fito a matsayin abokinsa Walter, ke kumfar baki kan yaƙin Biyetnam: Bridges ba ya gasar ɗaga murya, sai dai ya saki kafaɗa ya lumshe ido. Na goyi bayansa sosai, domin 'yan wasanmu na barkwanci sun cika neman dariya da ihu da yamutsa fuska, alhali Goodman ya ɗauki haukan Walter da gaske, shi ya sa yake kashe mutum da dariya.

Sun ce a sake kallo, tunda bai yi kasuwa sosai da farko ba, sannu a hankali ya tara masoya, har Laburaren Majalisar Amurka ya adana shi a 2014. Amma akwai ashar da tsiraici, kada a kunna gaban yara.